Hamza El Din: Makaɗin da ya kwashe kukan sakiya kafin ruwa ya ci garinsu

A cikin shekarar 1992 wani faifai mai suna Pieces of Africa ya fito a Amurka, ya kuma hau matsayi na ɗaya a jerin fayafayan da suka fi kasuwa a ɓangaren kiɗan gargajiyar Turawa. Waɗanda suka yi shi wasu makaɗa huɗu ne na birnin San Faransisko da ake kira Kronos Quartet, amma duk kiɗan da ke ciki 'yan Afirka ne suka tsara shi, su bakwai: daga Gana, Gambiya, Maroko, Uganda, Zimbabuwe, Afirka ta Kudu da kuma ƙasar Nubiya. A cikinsu akwai wani kiɗa na kimanin minti 12 da ake kira Escalay. Wanda ya tsara shi, Hamza El Din, ya gina shi ne a kan ƙarar wata na'urar ban-ruwa ta itace da ya saba ji yana yaro, a wani ƙauye da yanzu yake kwance a ƙarƙashin ruwa.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san irin kiɗan da ake magana a kai, domin ba irin wanda ake sakawa a rumfar mai sayar da kaset ba ne. Turawa suna da wani nau'i da za a iya kira kiɗan zaure. Mutum uku ko huɗu ko biyar ne suke zama a ɗaki, kowa da takardar da aka rubuta masa abin da zai kaɗa, babu rawa, babu kirari, galibi ma babu mawaƙi, masu sauraro kuma su yi tsit kamar ana karanta wasiyya. Wanda ya fi daraja a wajensu shi ne na goge huɗu: ƙananan goge biyu masu siririyar murya, da matsakaici ɗaya, da wani babba da ake tsayarwa a ƙasa a riƙe shi tsakanin gwiwoyi, mai murya kamar ta dattijo. Wanda ya taɓa zama cikin dare yana jin mai kukuma ko mai garaya yana kaɗawa don mutum biyar kawai, ya san rabin abin.

An haifi Hamza Ala'uddin a ranar 10 ga Yulin 1929 a ƙauyen Toshka, a kudancin Masar, kusa da iyakar Sudan. Wannan yanki shi ne Nubiya, wanda iyakar da Turawa suka shata ta raba biyu, kamar yadda ta raba Daura da Damagaram. Ƙasa ce da ruwan sama kusan bai san da ita ba. Sai a shekara, wani lokaci a yi shekaru, ko ɗigo bai sauka ba. Rayuwa duka tana kan wani ɗan zirin ƙasa mai ni'ima a gaɓar Kogin Nilu, wanda a wasu wuraren mutum zai ƙetare faɗinsa da ƙafa cikin 'yan mintoci. Daga inda dabinon ƙarshe ya tsaya, sai rairayi da baƙaƙen duwatsu iyakar ganinka. Mazajen yankin da yawa suna tafiya Alƙahira da Iskandariya neman kuɗi, su yi gadi, su yi kuku, su riƙa aiko da ɗan abin da ya samu ta jirgin ruwan gidan waya. Mata da tsofaffi da yara su ne suke tsare gida da dabino.

A irin wannan ƙasa, ruwa ba ya hawa gona da kansa, sai an ɗaga shi. Mu nan mun san jigo a lambu, kuma waɗanda suke zuwa sarin albasa da lemo a lambunan Ayar sun ga yadda sa ko raƙumi yake jan guga daga rijiya. Nubiyawa suna da abin da ya fi waɗannan ƙarfi, wanda Larabawa suke kira sakiya, su kuma suke kira eskale. Wata babbar ƙafa ce ta itace a kwance, mai haƙora, shanu biyu suna zagayawa da ita. Haƙoranta suna cizon na wata ƙafar da ke tsaye, ita kuma tana juya igiya mai ɗaure da tulunan ƙasa a jere. Tulu ya nutse, ya cika, ya hau, ya juye a kwararo, ya koma fanko, na bayansa ya biyo. An yi kusan shekara 2,000 ana amfani da ita a wannan yanki. Tun da itace ne yake gugar itace, ba ta aiki shiru. Tana kuka, tana ƙara, tana nishi, tun kafin asuba, kuma lokacin zafi har cikin dare. Akan ɗora yaro ko tsoho a kan sandar da ke bayan shanun don ya riƙa kora su.

Sakiya dukiya ce ta haɗin gwiwa. Wani ya kawo fili, wani shanu, wani itace, wani ƙarfinsa, in amfani ya nuna a raba bisa kaso. Tana da hannu ma a tarihin fatauci. Bayan da sojojin Muhammadu Ali na Masar suka ci Sudan a 1821, sai aka ɗora haraji mai nauyi a kan kowace sakiya, wanda hakan ya sa manoma da yawa na yankin Dongola da Shandi suka bar gonakinsu suka kama fatauci. Da yawa daga cikin Jallaba da suka cika kasuwannin Kurdufan da Darfur da Wadai daga nan suka fito.

Hamza bai tashi da niyyar zama makaɗi ba. A ƙauyensu kiɗa na kowa ne, ana yin sa a biki da tafi da murya da wani faffaɗan ganga mai fuska ɗaya da suke kira tar, wanda duk mai zuwa maukibin Ƙadiriyya zai gane shi nan take, domin ɗan'uwan bandiri ne. Karatun injiniyan lantarki ya yi a jami'ar Sarki Fu'ad, wadda yanzu ita ce Jami'ar Alƙahira, ya kuma yi aiki a hukumar jiragen ƙasa ta Masar. A can birni ne ya ɗauki ud, wato wannan molon Larabawa mai ƙaton ciki da gajeren wuya, ya shiga makarantun kiɗa ya koye shi sosai. Ud ba kayan kiɗan Nubiyawa ba ne. Hamza yana cikin na farko da suka sa shi ya bi tafin Nubiya da harshen Nubiya.

Ana cikin haka maganar babbar madatsar ruwa ta Aswan ta taso. Ba wannan ne karo na farko da ruwa ya kori Nubiyawa ba. Ingilishi sun gina madatsa ta farko a 1902, aka ƙara mata tsawo a 1912, aka sake ƙarawa a 1933, kowane karo mutane su ja da baya su hau tudu, dabino ya nutse. Amma wadda Shugaba Jamal Abdul Nasir ya ƙuduri ginawa da taimakon Tarayyar Sobiyet ta wuce a ja da baya: tsawonta sama mita 111, faɗinta kusan kilomita 4, tafkin da za ta tara kuma zai miƙe kimanin kilomita 500, har cikin Sudan. An fara aiki a Janairun 1960, aka karkatar da kogin a Mayun 1964, aka gama a 1970. Gaskiyar magana, Masar ta ci moriyarta. Ta sami lantarki, ta huta da ambaliya, kuma a shekarun 1980 da fari ya gasa mu a nan Sahel, ruwan da aka tara a tafkin ne ya riƙe gonakin Masar. Sai dai wanda ya ci moriyar daban, wanda ya biya daban.

Da Hamza ya tabbata abin zai faru, sai ya hau jaki ya riƙa bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya da ud ɗinsa, yana tattara waƙoƙin biki da na aiki, yana kuma gaya wa mutane abin da ke tafe. Daga nan ya sami tallafin karatu zuwa makarantar kiɗa ta Santa Cecilia a birnin Rum, ya koyi yadda Turawa suke rubuta kiɗa. Daga Italiya ya wuce Amurka. A 1964 ya hau dandalin bikin kiɗa na Newport, ya kuma fitar da faifansa na farko, Music of Nubia. Wato a daidai shekarar da ake loda danginsa a jiragen ruwa, shi yana wata duniya yana rera waƙoƙinsu ga mutanen da ba su san inda Toshka take ba.

Tsakanin ƙarshen 1963 da tsakiyar 1964 an kwashe Nubiyawan Masar kimanin 50,000 zuwa yankin Kom Ombo, arewa da Aswan. An ba sababbin ƙauyukan tsofaffin sunayensu, amma suna ne kawai ya yi ƙaura. Gidajen ƙanana ne a manne da juna, wasu ba a ma gama su ba, an jera su bisa yawan mutanen gida ba bisa dangantaka ba, kuma suna nesa da kogi, a busasshiyar ƙasa. Mutanen da suka saba buɗe ƙofa su ga Nilu sai ga su suna layi a bakin famfo. Yara ƙanana da tsofaffi da dama ba su wuce watannin farko ba.

A ɓangaren Sudan abin ya fi nisa. Wadi Halfa gari ne na kan iyaka da duk ɗan kasuwa zai gane fasalinsa: nan jirgin ƙasa daga Khartum yake tsayawa, nan jirgin ruwa daga Masar yake sauke kaya, ga kwastan, ga 'yan dako, ga masu canji, ga masauki. A yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 Masar ta amince ta biya Sudan Fam miliyan 15 diyya. Mutanen Halfa sun yi zanga-zanga a 1960 da suka ji inda gwamnatin Janar Abbud ta zaɓa musu, amma bai hana ba. Daga Janairun 1964 jiragen ƙasa suka fara jigilar mutane kimanin 50,000 zuwa Khashm al-Girba a bakin kogin Atbara, ɗaruruwan kilomitoci daga gida, can wajen Kasala da Gadarif inda 'yan'uwanmu Hausawan Sudan suke da yawa. Aka kira wurin Sabuwar Halfa, ƙauyukan kuma aka sa musu lamba. Jami'in da ya jagoranci kwashewar, Hassan Dafalla, ya rubuta littafi a kai daga baya. Wasu mutanen sun ce ba inda za su, suka riƙa ja da bukkokinsu baya duk lokacin da ruwa ya matso, kuma su ne tushen Wadi Halfa ta yanzu.

A daidai wannan lokaci duniya ta haɗa kuɗi ta hannun hukumar UNESCO don ceto gumakan Fir'auna Ramsis na Abu Simbel, waɗanda ba su da nisa da ƙauyen su Hamza. Tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka dutsen gunduwa-gunduwa sama da 1,000, aka ɗaga shi mita 65, aka sake haɗawa, a kan kuɗi kimanin Dala miliyan 40. Aiki ne na ban mamaki, ba mai musu. Amma Nubiyawa suna da dalilinsu in suka ce an fi tausayin dutse a kansu. Mu ma ba baƙin wannan labari ba ne: tsohuwar Kete-Krachi a Gana, zangon fataken goro inda Alhaji Umaru ya zauna ya karantar har ya rasu a 1934, tana ƙarƙashin tafkin Volta tun shekarun 1960, haka ma tsohuwar Bussa a ƙarƙashin Kainji.

A bayanin da Hamza ya rubuta game da Escalay, ya ce yana Niyok lokacin da ƙauyensu ya tafi. Da ya koma ya ga mutanensa a sabon wurin, sai ya ga ɓacewa a idanunsu, ya dawo shi ma a ɓace. Ya riƙa zama da ud yana maimaita jimla ɗaya ta kiɗa, ba ya gaba ba ya baya, har ya lura cewa abin da hannunsa yake yi juyin sakiya ne. Daga nan kiɗan ya fito. Ya fitar da shi a faifai a 1971 a kamfanin Nonesuch, shi kaɗai da ud, fiye da minti 20, ya cinye fuska ɗaya ta faifan garmaho cur.

Wanda ya saurare shi da haƙuri zai ji yadda aka gina shi. Da farko sautin yana tafiya a hankali, ba tare da ƙayyadadden taki ba, kamar mutum yana ɗaura wa shanu karkiya cikin duhun asuba. Sannan ƙananan tsirkiyoyi su kama wani zagaye, su yi ta maimaita shi. A kan wannan zagayen wani ya hau, mai saurin da ya bambanta, kamar yadda ƙaramar ƙafa take juyawa fiye da babba, har kunne ya rasa wanda zai bi. Babu wurin da kiɗan yake tashi ya yi tsawa don a tafa. Abin da yake canzawa kaɗan ne, kuma sai ka daɗe a ciki kake gane ya canza, kamar tafiyar mota tsakanin Agadas da Dirku, inda za ka rantse wuri ɗaya kake alhali ƙasar tana sauya launi a ƙarƙashinka. A ganina nan ne hamadar take a cikin wannan kiɗa. Hamza bai kwaikwayi iska ko kukan raƙumi ba, irin abin da masu fim suke yi in suna son nuna Sahara. Ya bar fili mai yawa a kewayen sauti ƙalilan, kamar yadda rairayi ya kewaye gonar.

Wani mai tsara kiɗa ɗan Ostareliya, Peter Sculthorpe, wanda iyayensa masu kanti ne a wani ƙaramin gari, ya bi hanya mai kama da wannan a 1961, da mahaifinsa ya rasu: ya rubuta Irkanda IV, ya ɗora makokinsa a kan shimfiɗaɗɗen dajin ƙasarsu da dogayen sautuka masu tafiya a hankali. Bambancin shi ne shi mutum ɗaya ya rasa, ƙasar tana nan. Hamza kuwa mutanen suna raye, ƙasar ce ta mutu.

To yaya kiɗan mutum ɗaya ya koma na goge huɗu? Wani mashahurin mai tsara kiɗa na Amurka, Terry Riley, shi ya haɗa Hamza da 'yan Kronos, wato David Harrington, John Sherba, Hank Dutt da Joan Jeanrenaud, suka roƙe shi ya yi musu wani abu. Matsalar ita ce su da takarda suke aiki, shi kuma Escalay a kansa da yatsunsa yake, kowane dare da yadda yake fitowa. A shekarun 1980 Hamza yana zaune a Tokiyo yana nazarin biwa, wani molon Japanawa, kuma wani Bajapane, Tohru Ueda, shi ne ya zauna ya mayar da kiɗan rubutacce, ya raba shi gida huɗu. Abin da ya taimaka shi ne wuyan goge, kamar na ud, ba shi da matakai. Yatsa yana iya tsayawa a ko'ina, don haka ana iya fitar da sautukan da ke faɗawa tsakanin na Turawa, waɗanda piyano ba ta da su sam. A wurare da dama makaɗan suna ajiye bakan gogen su riƙa tsinkar tsirkiya da yatsa don su kusanci muryar ud, Hamza da kansa kuma ya riƙe musu taki da tar.

Akwai wani abu da ya faɗa wanda ya fi komai taɓa ni. Ya ce duk wanda ya zauna bayan shanun sakiya, ƙarar takan ɗauke shi ya fara waƙa, kuma kowa da irin tasa: yaro ya yi ta yara, saurayi ko budurwa su yi ta soyayya, tsoho ya yi ta ambaton Allah. Wanda ya ba Kronos, in ji shi, na tsohon ne. Lokacin ya kai shekara 60 ko ya kusa.

In aka tambaye ni, na ud ɗin ya fi. Na Kronos ya fi santsi, ya fi gajarta, an gyara shi daidai zaman mutanen da suka sayi tikiti, kuma ɗan kukan itacen nan da ke cikin na 1971 ya ragu. Amma shi ne ya kai sunan Nubiya manyan zaurukan da ud shi kaɗai ba zai shiga ba a wancan zamani, kuma tun da an rubuta shi, wasu makaɗan da ba su taɓa ganin Hamza ba suna iya ɗauka su kaɗa. Haka kuma kada a ɗauka shi ne muryar da Nubiyawa suka fi ji a gida. A bukukuwan Kom Ombo da Alƙahira, Ali Hassan Kuban da Ahmad Munib da Muhammad Munir sun fi shi tashe nesa ba kusa ba, a Sudan kuwa ba a haɗa kowa da Muhammad Wardi, wanda kaset ɗinsa suka cika kasuwanni har Anjamena. Hamza ya fi suna a Kalifoniya da Tokiyo. A Satumbar 1978 ya koma Masar tare da ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka, suka yi wasa dare uku a gindin dalar Giza, ya hau dandali da masu tafi da tar 'yan Nubiya. Ya koyar a jami'o'in Amurka da dama, ya fitar da faifai mai suna A Wish a 1999. Ya rasu a Berkeley a ranar 22 ga Mayun 2006 yana da shekara 76. Allah Ya jiƙansa.

Maganar komawa gida ba ta mutu da shi ba. A 1997 gwamnatin Husni Mubarak ta ƙaddamar da wani gagarumin aikin noman hamada da ruwan tafkin, ta sa masa suna Toshka, amma manyan filayen masu zuba jari aka ba. Tsarin mulkin Masar na 2014, a sashe na 236, ya yi alkawarin mayar da Nubiyawa yankunansu na asali cikin shekara 10; a wannan shekarar kuma wata dokar shugaban ƙasa ta mayar da wani babban ɓangare na wuraren yankin soja. A Nuwamban 2016 jami'an tsaro suka tare ayarin motocin Nubiyawa da ya nufi Toshka. A Satumbar 2017 aka kama mutum sama da 20 a Aswan suna tattaki suna waƙoƙin komawa gida da bandiri a hannu, har aka riƙa kiransu fursunonin bandiri, ɗaya daga cikinsu kuma ya rasu a tsare.

Sakiya kanta injin ban-ruwa mai shan gas ya kore ta daga kusan duk gaɓar Nilu, sai 'yan ƙalilan da ake ajiyewa don masu yawon buɗe ido. Wadi Halfa kuwa ta sake zama bakin iyaka mai cunkoso tun da aka buɗe mashigar Ƙustul da Ashkit a 2014, kuma da yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023 dubban mutane sun kwana a titunanta da makarantunta suna jiran bizar Masar. Manyan motocin da suka bi wannan hanya daga Aswan sukan tsaya a Abu Simbel, a loda su a kan jirgin fito, ya ƙetara da su tafkin zuwa gaɓar gabas. Tsofaffin ƙauyukan Ballana da Ƙustul da Adindan, da gonakinsu da maƙabartunsu, suna ƙasan ruwan wannan yanki.